BUGUWAR KAI: RAUNIN DA IDO BA YA GANI

Ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa iyakar Kwanni takan cika da babura da amalanke da motocin shanu. A irin wannan cunkoso mutum yakan faɗo daga kabu-kabu, ko sa ya tunkure shi a kara, kansa ya bugi ƙasa. In babu jini, sai ya tashi ya kakkaɓe riga, a ce Allah ya kiyaye. Amma ƙwaƙwalwa tana iya girgiza cikin ƙoƙon kai ko da fata ba ta tsage ba, ko da mutum bai suma ba.

ALAMUN HATSARI

In wanda ya bugu yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi har ba ya tasuwa, ko ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko ruwa ko jini na fita ta kunne, kada a jira gari ya waye. A kai shi Babban Asibitin Illela, daga nan a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake aikin ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suna da Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950.

In babu waɗannan alamu, likitoci sun ce a huta kwana 1 zuwa 2, sa'an nan a fara 'yar tafiya da ƙananan ayyuka kaɗan-kaɗan. Kwanciya cikin ɗaki mai duhu mako da mako ba ta kawo sauƙi. Yawancin mutane sukan warke cikin mako 2 zuwa 4.

WUYA

Bugun da ya girgiza kai shi ne ya fizgi wuya, kuma sau da yawa ciwon kai da jiri daga wuyan suke tasowa. A bar ɗaukar kaya a ka, ko tulu ne ko buhun albasa. A sa tsumma mai ɗumi, a riƙa juya wuya a hankali. Kada a bar kowa ya murɗe shi da sunan gyaran targaɗe. In ciwon yana tsakiyar ƙashin wuya, ko yatsu suna mutuwa, sai asibiti.

IDO

Wani yakan ga dishi-dishi, ko hasken rana ya dame shi, ko layukan littafin waƙoƙi su riƙa rawa. Ya sa malfa, ya yi karatu kaɗan ya huta, ya rage kallon waya kwana biyun farko. Kada ya tuƙa babur sai ganinsa ya daidaita, gama bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi muni. Ganin abu ɗaya ya zama biyu kuwa, likita ya kamata ya duba ba tare da jinkiri ba.

FARGABA

Wannan ita ce aka fi ɓoyewa. Mutum ya ga yana mantuwa, yana saurin fushi, gabansa na faɗuwa, hayaniyar kasuwa ta gagare shi. Sai ya soma tunanin ko sammu aka yi masa, ko hauka ke zuwa. Ba haka ba ne. Alamun raunin ne, kuma tsoro kansa yana ƙara ciwon kai da rashin barci. A bayyana masa wannan a fili. Ya yi barci a kan lokaci, ya guji giya da taramol, ya sami wanda zai riƙa gaya wa damuwarsa. In wata guda ya wuce babu sauƙi, a koma wurin likita.

AIKIN ƘUNGIYA

Abin da ya fi hana manomi hutawa shi ne tunanin gonarsa. Albasa ba ta jiran mai ciwo, kullum tana son ban ruwa. Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta ajiye doka: in ɗan ƙungiya ya bugu a ka, a yi masa gayya mako biyu, a ɗaga masa biyan bashi. Zumuntar Mata su ɗauke wa 'yar'uwa ɗiban ruwa da daka. Kada a ce masa rago don ba a ga ɗauri a kansa ba. Mai babur kuma ya sayi hular kwano, ya sa ta.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu.