"Too Hot to Handle": fim ɗin 1938 da ya tona asirin hotunan yaƙi na bogi

Kafin talabijin ta shiga gidaje, jama'a a Amurka da Turai kan ga labaran duniya ne a gidan silima. Akan haska majigin labarai na kusan minti goma kafin a fara babban fim, kuma kamfanoni na gasar wanda zai riga kawo hoton da ya fi girgiza zuciya. A kan wannan gasa kamfanin MGM ya gina fim ɗin "Too Hot to Handle" a 1938, wanda Jack Conway ya ba da umarni.

Clark Gable ne ya fito a matsayin Chris Hunter, mai ɗaukar majigin labarai da aka tura ƙasar Sin lokacin yaƙinta da Japan. Da bai samu hoton harin da maigidansa ke nema ba, sai ya haɗa nasa: ya yi amfani da jirgin wasan yara, ya shirya wurin kamar an yi ruwan bama-bamai, ya aika a matsayin labari. Abokin hamayyarsa, wanda Walter Pidgeon ya taka, shi ma ba kanwar lasa ba ne. Ya shirya wa wata matuƙiyar jirgi, Alma Harding (Myrna Loy), tafiyar ƙarya ta kawo maganin kwalara don ya ɗauki saukarta. Da asiri ya tonu, mutuncin su ukun ya zube, kuma Alma ta rasa hanyar samun kuɗin neman ɗan'uwanta da ya ɓace a dajin Kudancin Amurka. Sauran fim ɗin ƙoƙarin mazan biyu ne na gyara ɓarnar da suka yi mata.

Batun bai yi nisa da abin da ke faruwa a lokacin ba. A watan Agustan 1937, H. S. Wong na kamfanin Hearst ya ɗauki wani jariri yana kuka a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai bayan harin jiragen Japan. Hoton ya zaga duniya, ya harzuƙa Amurkawa, ɓangaren Japan kuma ya yi zargin cewa shirya shi aka yi. Abin lura, MGM ɗin ne ke rarraba majigin labaran Hearst.

Fim ɗin yana da nasa aibi. Yadda ya nuna mazauna daji a matsayin jahilai abin tsoro wariyar launin fata ce ƙarara, kuma ya mayar da ƙaryar jarumin abin dariya, har ya ba shi nasara a ƙarshe.

Duk da haka ya nuna inda matsalar take: ƙaryar ba daga kyamara take fitowa ba, daga matsin gasa da kuɗi take. Abin da Hunter ya buƙaci ma'aikata da kayan aiki kafin ya haɗa, yau waya ɗaya ta isa a yi shi, a watsa ta WhatsApp cikin mintuna.