Wanda ke gabas da mu ma maƙwabci ne

Wata ɗalibata ce ta tsayar da ni a tsakiyar darasi. Iyayenta daga wajen Baguida suka dawo nan Akodésséwa, bayan teku ta ci gidan da suke haya. Ina bayanin zaizayar gaɓar teku sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa za mu kama?" Ajin ya yi dariya. Ni ban yi ba, don amsar da ke cikin littafina ba ta ishe ta ba.

Abin da littafin ya ce gaskiya ne. Igiyar ruwa a gaɓarmu tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas. A 1965 Gana ta kammala madatsar Akosombo, sai yashin da kogin Volta ke zubowa teku ya ragu. A 1968 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, wannan da ke maƙwabtaka da mu, katangarta ta tare sauran. Yamma da tashar yashi ya taru, gabas kuwa, daga Baguida har Agbodrafo da Aneho, teku ta shiga cin ƙasa. Tsohuwar hanyar Aneho tana cikin ruwa yanzu.

Babu wanda ya yi niyyar rushe gidan yarinyar nan. Gana na son lantarki, Togo na son tasha, kuma da yawanmu a unguwar nan daga tashar muke ci, direba ne, ɗan dako ne, dillalin mota ne. Kowa dai ya lissafa ribarsa, ya bar asarar ta gangara wa na gaba. A ganina nan ne tushen matsalar, kafin a zo maganar injin ko hayaƙi: mutum ya yarda cewa abin da ya bar ƙofarsa ya daina zama nasa.

Haka abin yake a duniya. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma tekun da ke ƙara tasowa ba ta tambayar wa ya ƙona man.

Sai dai kada mu yi saurin wanke kanmu. Wa bai san abin da ake yi a layinmu ba in hadari ya haɗo? Ana jin ɗigon farko sai a fito da bokitin shara a juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Gidan wani, can gangare. Tun 2011 gwamnati ta hana ledar da ba ta ruɓewa, amma je ka kasuwa ka gani. Ni kaina, malamin da ke wannan surutu, sau nawa na sha fiya wata na dala biyar a kan zemijan na wurgar da ledar ban waiwaya ba?

Abin da ya fi damuna shi ne mun san karatun. Tun muna allo aka koya mana haƙƙin maƙwabci, aka ce ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, aka hana mu ɓarnar ruwa ko a alwala. Mu ne muka taƙaita maƙwabci ya zama wanda muke gaisawa da shi da safe. Wanda ba mu gani, da wanda ba a haifa ba tukuna, mun cire su daga lissafi. Masallacinmu fes, bayan katangarsa kuwa bola.

Ban ce laifin kowa ɗaya ba ne. Matar da ke tsince tsakuwa a bakin teku ta sayar don ciyar da 'ya'yanta tana ƙara zaizayar, amma ba zan ɗora ta a sikeli ɗaya da masu manyan jirage ba.

Ranar Asabar na kai ajin bakin teku. Yarinyar ta nuna mana wani wuri cikin ruwa inda igiya ke fashewa, ta ce nan rijiyarsu take.