Kamaru: Daga Bakin Teku Zuwa Ngong

Kamaru tana da gaɓa a Tekun Atalantika ta kudu maso yamma, amma ƙasar ta miƙe arewa har Tafkin Chadi. Kudu mai kurmi da yawan ruwan sama ke ba da koko, katako, ayaba da ɗanyen mai. Arewa kuwa auduga, gyaɗa, masara da shanu ne arzikinta.

Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko ta Kribi da ta fara aiki a 2018, sai sun sha doguwar tafiya kafin su iso arewa. Layin dogo ya tsaya a Gaundare tun 1974, bai ƙara gaba ba. Daga nan manyan motoci ke ɗauka, su gangaro daga tudun Adamawa, su ratsa garin Ngong zuwa Garwa, wasu su zarce Marwa har Njamena. Kuɗin dakon nan a kan mai saye yake ƙarewa, shi ya sa kayan Najeriya, da ke kusa, suka cika kasuwannin yankin.

Ngong ta ci gajiyar wannan hanya ƙwarai, domin kasuwarta ta hatsi da dabbobi tana jawo fatake daga nesa. Audugar manoma kamfanin Sodecoton, mai hedikwata a Garwa, ke saye. Wutar lantarki daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, sai dai tana rauni idan ruwa ya ja. Wayar salula tana hannun MTN, Orange da Camtel, kuma 'yan kasuwa da yawa ta waya suke aika kuɗi.