Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, in an auna a miƙe. Jirgin alhazai kan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Nisan dai yana nan inda yake, amma tsawon zaman da alhaji zai yi a kujera, a ganina, ƙasashen da za a ratsa ta samansu ne ke yanke shi.

Mu ɗan koma baya. A ƙarshen Oktoban 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku, masu fiffike biyu sama da ƙasa, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, Arthur Coningham ke jagorantarsu. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka Kano. Ina suka sauka? A filin dawakai, domin babu filin jirgi a lokacin. Kusan mako guda suna tafe, zango-zango, su sauka su sha mai su sake tashi, ta Khartum, ta Darfur, ta Fort Lamy da yau ake kira Njamaina. Ku lura da hanyar nan, jama'a. Ita ce mahajjatanmu suka daɗe suna bi a ƙafa, wasu shekara da shekaru, wasu ma suka yada zango a Sudan, jikokinsu na can har gobe. A ƙasa ko a sama, Sudan ce ƙofar gabas.

To, ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Ƙofa ta rufe. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, shan mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi, alhali Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Wani zai ce ai dabara ce ta tatsar maniyyata. Zargin ba laifi ba ne, amma a tuna cewa tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 kowace ƙasa ke da cikakken iko da samanta. Matuƙi ba ya ratsawa sai da izini, kuma a kan layin da masu kula da zirga-zirgar jirage suka ba shi. Mai kuwa yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin kamfani, ba wanda zai ƙona shi don nishaɗi. Haka aka gani a Agustan shekarar, da Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki: jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma zagaye. Amma fa kwana uku da maniyyaci kan yi a sansanin alhazai yana jiran jirgi, wannan kam ba laifin Sudan ba ne, sakacin masu shiri ne.

Sai kuma bambancin lokaci: agogon Saudiyya na gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na dare ya ga biyar na asuba a Jidda, awa biyar ya yi a sama, ba bakwai ba. Maniyyata, ku gyara agogonku da zarar kun sauka.