Mayar da Akori-kura Mai Jan Ƙafa Biyu Ta Koma Mai Jan Ƙafa Huɗu: Bayani Ga Masu Motoci

Duk wanda ya san unguwar Gwarinpa a birnin Abuja ya san cewa titunanta shimfiɗe suke da kwalta, tun daga babban titi na ɗaya har zuwa na bakwai. An gina unguwar a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Amma da yawa daga mazauna cikinta harkokinsu ba a kan kwalta suke ƙarewa ba. Wani yana da gona a ƙasar Kuje ko Kwali ko Bwari, wani ɗan kwangila ne mai ɗauko siminti da rodi daga kasuwar Dei-Dei zuwa inda ake sababbin gine-gine a Karsana da bayan Dawaki. Da zarar damina ta kankama, musamman a watannin Agusta da Satumba, jar ƙasar nan takan zama taɓo mai santsi, mota ta kafe da kaya a kanta, a yini ana tura. Daga nan ne tunani kan zo wa mai akori-kura: me zai hana a kai ta gareji a sa mata ogzileri, watau a mai da ita mai ja da ƙafa huɗu?

Aikin yana yiwuwa, kuma an daɗe ana yin sa a duniya. Sai dai ya kamata jama'a su san abin da ke ciki kafin su zuba kuɗinsu, gama abin ya shafi dukiya, ya kuma shafi rayuka.

Yadda ƙarfin inji ke kaiwa ga ƙafafu

A cikin akori-kura ta yau da kullum ƙarfi yakan fito daga inji ya shiga akwatin giya, daga nan farfela ta ɗauke shi ta bi ƙarƙashin mota ta kai wa aksul na baya, shi kuma ya raba wa tayoyin baya biyu. Tayoyin gaba ba sa jan kome, aikinsu karkata mota kawai da ɗaukar nauyin inji. Shi ya sa idan bayan mota ba kaya, tayoyin da ke ja ba su da nauyin da zai danne su, sai su yi ta wulwulawa a taɓo suna haƙa rami.

Mai jan ƙafa huɗu kuwa tana da wani akwati na biyu a manne da bayan akwatin giya, wanda aikinsa raba ƙarfi gida biyu. Farfela ɗaya ta nufi baya, wata gajeriya ta nufi gaba, inda akwai wani aksul mai nasa haƙora. A yawancin irin waɗannan motoci akwatin nan yana da giyar ƙarfi, wadda ke rage gudu ta ninka ja, don hawan tudu da fita daga kwari.

Waɗanda suka riga yin wannan aiki

A ƙasar Amurka, kafin manyan kamfanoni su fara fito da akori-kura mai jan ƙafa huɗu daga masana'antunsu, wasu ƙananan kamfanoni ne ke karɓar motocin su sāke su. Kamfanin Marmon-Herrington ya yi wa motocin Ford haka tun shekarun 1930, NAPCO kuma ya yi wa Chevrolet da GMC a shekarun 1950. Toyota ta fara Hilux a 1968, amma sai a 1979 mai jan ƙafa huɗu ta fito.

Misalin da ya fi kusa da mutanen ƙasar nan shi ne na Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Akori-kurar 504, wadda ta yi wa manoma da 'yan kasuwa hidima shekara da shekaru, da ƙafar baya kaɗai take ja. A ƙasar Faransa wani injiniya mai suna Henry Dangel ya kafa kamfani a 1980 musamman don mai da ita da 'yan uwanta masu jan ƙafa huɗu. Abin lura shi ne, ya yi aikin da yardar Peugeot, da zane na injiniyoyi, da gwaje-gwaje, da kayan da aka ƙera don wannan mota ita kaɗai. Tsakanin wannan da aikin da za a yi a gindin bishiya da injin walda akwai rata mai nisa.

Abubuwan da za a sauya

Mutane da yawa suna zaton akwatin rabon ƙarfi kawai za a sayo a ɗaura. Ba haka ba ne. Akwatin giyar mai jan ƙafa biyu wutsiyarsa doguwa ce, ba ta da mazaunin da akwatin zai kama, saboda haka ko dai a sauya akwatin giyar ɗungum, ko a wargaza shi a sauya sandar da ke fitar da ƙarfi. Farfelar baya za ta yi tsawo, sai an sami gajeriya. Sannan ga aksul na gaba da sandunansa, da cibiyoyin tayoyin gaba da boris ɗinsu, da ƙarfen da ke tallafe akwatin giya. Sau da yawa kwanon baƙin mai na ƙasan inji yakan tare wurin da aksul zai zauna, haka ma salansa. A motocin zamani kuma akwai kwamfutar mota da wayoyinta, da na'urar auna gudu, da na'urar hana birki kullewa, waɗanda duk sai sun fahimci juna.

Babbar magana ita ce shasi, watau ƙashin bayan mota. Wasu kamfanoni sukan yi shasi iri ɗaya ga mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, har da ramukan noti a shirye. Irin wannan mota an fi gane ta da tsayinta, domin a tsaye take daidai da 'yar uwarta mai ogzileri, kuma ita ce aikin kan yi wa sauƙi. Wasu kuwa, kamar tsofaffin Hilux masu zama ƙasa-ƙasa, gaban shasinsu dabam ne sarai, har yawan notin taya ya bambanta: biyar ga mai ƙafa biyu, shida ga mai ƙafa huɗu. A nan sai an yanka an yi walda a daidai inda sitiyari da sifirin da birki suke kamawa. Idan aka kuskure ko da faɗin yatsa ne, mota za ta riƙa ja gefe ɗaya tana cin taya. Idan kuwa waldar ta tsage a kan hanyar Kubwa ana cikin gudu, ba direba kaɗai abin zai shafa ba.

Lissafin haƙora

Ga wani abu da ya fi kome lalata irin wannan aiki, alhali ba a ganinsa da ido daga waje. A cikin kowane aksul akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi. Lalle ne lissafin na gaba ya zama daidai da na baya.

A ce aksul na baya yana da haƙora 41 a babban faifai, 10 a ƙarami. Farfela za ta juya sau 410 kafin tayoyin baya su juya sau 100. Sai aka sayo na gaba daga wata mota, shi kuma 41 da 9 gare shi. A cikin juyi 410 ɗin nan tayoyin gaba sau 90 kaɗai za su juya. Watau a kowace kilomita guda baya yana neman ya wuce gaba da mita 100, ga su kuwa a jikin mota ɗaya. A cikin taɓo tayoyi za su zame su rage abin, mai mota ya yi murna ya ce aiki ya yi kyau. Ranar da ƙafafun suka sami ƙasa mai tauri ba inda ƙarfin zai fita, sai haƙora su karye ko akwatin ya fashe. Saboda haka kada a yarda da faɗar mai sayarwa cewa duk ɗaya ne. A buɗe, a ƙirga haƙoran a gaban mai mota. Haka kuma tayoyin huɗu su zama awo ɗaya, gama taya babba da ƙarama kan jawo irin wannan ɓarna.

Don gudun haka masana suka fi son a sami mota guda mai jan ƙafa huɗu, iri ɗaya da shekara ɗaya, wadda haɗari ya lalata jikinta amma ƙasanta lafiya, a kwashe kayan gaba ɗaya. Tsintar kaya ɗaya daga Apo, ɗaya daga Zuba, wani a aiko daga Fanteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ita ce hanyar da mota kan yi wata da watanni a kan duwatsu a gareji.

Kuɗi, da abin da ya fi sauƙi

Kafin a kwance noti ɗaya, mai mota ya zauna ya tara kuɗin kaya, da ladan bakanike, da asarar kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki. Sannan ya tambayi nawa zai cika idan ya sayar da tasa ya sayi wadda aka ƙero da ogzileri tun daga masana'anta. Galibi na biyun ya fi sauƙi. Ban da haka, motar da aka sāke ba ta daraja a kasuwa, ta ƙara nauyi, ta ƙara shan mai, kuma nauyin da aka ƙara mata daga kayan da za ta iya ɗauka ya fita.

Wanda matsalarsa 'yar guntuwar hanyar gona ce ta wata biyu ko uku a shekara, wataƙila ba ya bukatar wannan duka. Tayoyi masu manyan haƙora a baya, da buhunan yashi a ɗora daidai kan aksul idan ba kaya, da rage iskar taya kaɗan kafin shiga taɓo a mayar bayan an fito, suna maganin kafewa da yawa. Akwai kuma na'urar da ake sa wa aksul na baya ta kulle tayoyin biyu su juya tare, don kada wadda ke cikin santsi ta kwashe ƙarfin duka.

Doka da tuƙi

Lambar shasi ita ce shaidar mota, ba a kankare ta, ba a yanke wurin da take. Wanda ya ɗora jikin motarsa a kan shasin wata ya sani takardunsa ba su dace da motar ba kuma. Ya kamata a tuntuɓi ofishin masu duba lafiyar motoci, watau VIO, da ke Mabushi tun kafin a fara aiki, a kuma kai motar a duba bayan an gama. A sanar da kamfanin inshora a rubuce, domin sauyin da aka ɓoye yana iya zama dalilin ƙin biyan diyya. Idan za a ciro kaya daga wata mota, a karɓi rasit da shaidar mallakarta.

Direba kuma ya san cewa ogzileri irin na yawancin akori-kura ba na busasshiyar kwalta ba ne. A kan kwana tayoyin gaba sukan yi tafiya fiye da na baya, akwatin kuwa ya ɗaure su tare, saboda haka a cire shi da zarar an hau titi. Jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, amma ba ya ƙara mata birki ko kaɗan, kuma ba ya hana ruwa tafiya da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi gargaɗi da damina kan ratsa ruwa mai gudu. Bayan duk wata shiga ruwa mai zurfi a duba man aksul biyun da na akwatin rabon ƙarfi. Idan ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a juye a zuba sabo.