Shin Ko Kun San? Maɗaurin Safa da Ya Zama Babbar Lambar Masarautar Ingila

Shin ko kun san cewa babbar lambar girmamawa ta masarautar Ingila, wadda sarakuna da firaministoci da manyan hafsoshi ke kwaɗayin samu, sunan maɗaurin safa gare ta? Garter ake ce mata, wato ɗan zirin ƙyallen da mutanen da ke ɗaurawa a ƙasan gwiwa don kada doguwar safa ta zame. Sarki Edward na Uku ne ya kafa ƙungiyar baraden da ke ɗaura ta a wajajen 1348, kuma babu wata ƙungiyar barade a Birtaniya da ta girme ta. Lambobin jarumtaka biyu kaɗai, Victoria Cross da George Cross, ake sanyawa a gabanta.

Shin ko kun san labarin da aka fi bayarwa game da asalinta a wurin rawa ya faru? Wai ana tsakiyar shagali sai maɗaurin safar wata babbar mace, uwargidan hakimin Salisbury, ya sulluɓe ya faɗi ƙasa. Fadawa suka soma ƙyafta wa juna ido suna murmushi. Sarki ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaura a tasa ƙafar, ya ce da Faransanci: Honi soit qui mal y pense, ma'ana kunya ta tabbata ga wanda ya ƙudura mugun zato a kan wannan. Labari ne mai daɗi, amma sai da aka yi fiye da shekara 100 da kafa ƙungiyar sannan ya ɓullo a rubuce, shi ya sa masana tarihi ba su cika ba shi muhimmanci ba. Abin da suka fi karkata a kai yaƙi ne. Edward yana da'awar gadon sarautar Faransa ta wajen mahaifiyarsa Isabella, ɗiyar Sarki Philip na Huɗu, kuma a 1340 ya fito fili ya kira kansa sarkin Faransa. A 1346 ya ragargaza rundunar Faransawa a Crécy, shekarar da ta biyo ya ci garin Calais. Launin maɗaurin shuɗi ne da ruwan zinariya, daidai da launin tambarin gidan sarautar Faransa. Idan aka duba ta wannan fuska, kalaman gugar zana ne ga duk mai shakkar haƙƙinsa a kan waccan gadon sarauta, maɗaurin kuma ya fi kama da ɗamarar fata da ake ɗaure sulke da ita. Ni dai nan na fi gamsuwa. Sarkin da ya ci yaƙi ba ya rasa hanyar saka wa waɗanda suka tsaya masa, kuma da yawa daga baraden farko mutanen da suka yi gumurzu tare da shi ne a Faransa.

Af, sarakunan Ingila ba su daina kiran kansu sarakunan Faransa ba sai a 1801.

Ko kun san a shekarar da ake ɗinka wa waɗannan barade kayan ado, a ita ce baƙar annobar nan ta shigo Ingila, ta kashe tsakanin kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin jama'ar ƙasar? Ana haƙa manyan kaburbura a Landan, a fada ana wasan dawakai.

Shin ko kun san kujerun ba sa wuce 24? Ban da mai sarauta da magajinsa, Yariman Wales, adadin ke nan tun ranar farko. Da ma a 1344 Edward ya yi alkawarin tara barade 300 don ya farfaɗo da zauren almarar Sarki Arthur, har an fara gini a Windsor, sai ya watsar. Da ya dawo kan batun, sai ya matse ƙofar. Wasu masana suna ganin ƙungiya biyu ce ta wasan sukuwa da mashi, 12 a bayan sarki, 12 a bayan ɗansa Edward, wanda daga baya aka laƙaba wa Baƙin Yarima, yaron da ya jagoranci wani sashe na runduna a Crécy yana ɗan shekara 16. A nan asirin lambar yake. Ba zinariya ce ta ba ta tsada ba, ƙarancinta ne: sai wani ya mutu gurbi ke samuwa, kuma sarki yana iya barin gurbin a buɗe yadda ya ga dama. Duk da haka an yi wa dokar 'yar ɓarauniyar hanya. A 1786 Sarki George na Uku, mai 'ya'ya maza rututu, ya ware 'yan gidan sarauta daga lissafin, a 1813 kuma aka buɗe wani rukuni na baƙin sarakuna da Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya. Da duk wannan ƙari, sai a 2008 aka kai ga barde na 1,000 a littafin rajista, shi ne Yarima William.

Kayan adon kansu abin kallo ne. Alkyabba ce ta karammiski shuɗi mai duhu da farin shafi, sai baƙar hula mai gashin jimina fari da na zalɓe baƙi. A wuya akwai sarƙar zinariya mai nauyin kusan kilo ɗaya, an jera mata furanni da ƙulle-ƙulle, a ƙasanta siffar mahayin doki na lilo yana soke wani dodo da mashi. Maza suna ɗaura maɗaurin a ƙafar hagu ƙasan gwiwa, mata a dantsen hagu. Kuma duk aro ne: in mutum ya rasu, iyalansa su mayar wa fada da manyan kayan.

Wane ne wannan mahayin dokin? George ne, waliyyin Kiristoci da Ingilawa suka riƙa a matsayin majiɓincin ƙasarsu, kuma a ranarsa, 23 ga Afrilu, aka saba sanar da sababbin barade. Shin ko kun san bai taɓa taka ƙasar Ingila ba? Bisa riwayar coci, sojan Rum ne da aka kashe saboda addininsa a wajajen shekara ta 303, kabarinsa kuma yana Lidda a ƙasar Falasɗinu ta da, inda wasu mutanen yankin suke haɗa labarinsa da na Halliru. Habashawa ma nasu ne. A cocinsa da ke Adis Ababa aka naɗa Haile Selassie a 1930, shi kuwa a 1954 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi Garter.

Shin ko kun san kowane barde yana da kujerarsa a cocin George da ke cikin fadar Windsor? Sama da kujerar ana rataye tutarsa da kwalkwali da takobi, a jikin katakon kuma a kafa ɗan farantin tagulla mai tambarinsa. Ranar da ya mutu a sauke tuta da sauran kaya, amma farantin yana nan daram. Yanzu akwai kusan 800, wasu sun haura shekara 600 a manne. Ginin da ake gani a yau Edward na Huɗu ne ya fara shi a 1475, aka gama a 1528, kuma a cikinsa aka binne Henry na Takwas da Charles na Ɗaya da Elizabeth ta Biyu. Tun farko ma an tanadi wasu tsofaffin sojoji da yaƙi ya talauta, a ba su ɗaki da abinci, su kuma su riƙa yi wa sarki da baradensa addu'a. Har yau tsofaffin hafsoshi suna zaune a fadar a wannan matsayi.

Ga inda abin ya fi armashi. Ko kun san yadda ake tsige barde a da? In an same shi da cin amanar sarki, ko gudu daga fagen fama, ko barin aƙidar coci, sai a taru a cocin a karanta laifinsa da ƙarfi. Wani daga masu kula da tambura ya riga ya hau tsani. Ana kai wa kalmar tsigewa sai ya wurgo tuta da kwalkwali da takobi ƙasa, sauran su dinga ƙwallo da su da ƙafa, su bi tsawon cocin, su fitar ta ƙofa, su tunkuɗa cikin ramin da ke gefen fada. Haka aka yi wa hakimin Buckingham a 1521, wanda Henry na Takwas ya sa aka fille wa kai. Na ƙarshe da aka tsige ta wannan doka shi ne hakimin Ormonde a 1716, saboda ya goyi bayan gidan Stuart da aka kora daga mulki.

Bayan nan sai aka koma share suna ba tare da wasan ƙwallo ba. A watan Mayun 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sauke tutocin sarakuna da yarimomi 8 na ɓangaren abokan gaba, ciki har da Franz Joseph na Ostiriya da Wilhelm na Biyu na Jamus, wanda jikan Sarauniya Victoria ne kamar shi kansa Sarki George na Biyar da ya ba da umarnin. George bai so ba, matsin jama'a ne ya tilasta shi, kuma ya hana a taɓa faranta. Sarkin Italiya Victor Emmanuel na Uku ya bi sahu a 1940. Sarkin Japan Hirohito kuwa nasa daban ne: an ba shi a 1929, an ƙwace a 1941, an maido masa a 1971 da ya kawo ziyara Landan. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, sau uku tana sauya hannu gwargwadon yadda iskar siyasa ta kaɗa. Wanda ya karanta jerin baƙin sarakunan nan daga sama zuwa ƙasa, ya karanta tarihin ƙawance da gabar Birtaniya.

Shin ko kun san sarakunan Musulmi sun taɓa ɗaura ta, duk da gicciyen da ke jikinta? Na farko shi ne Sultan Abdulmajid na Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1856, bayan Yaƙin Crimea da Birtaniya ta mara masa baya a kan Rasha. Ɗan'uwansa Abdul'aziz ya karɓi tasa daga hannun Victoria a cikin jirgin ruwa a 1867, sai Nasiruddin, Shah na Farisa, a 1873. Rigima ta tashi a kan ɗan Nasiruddin, Muzaffaruddin. Ya zo Ingila a 1902 da tabbacin za a ba shi abin da aka ba ubansa, domin gwamnati tana son janye shi daga jikin Rasha. Sarki Edward na Bakwai ya ce faufau, lambar Kiristoci ce. Ministan harkokin waje, Lansdowne, ya sa aka zana wata wadda aka cire wa gicciye, kuma ana ba da labarin cewa da aka kai wa sarki a jirgin ruwansa, ta taga ya cilla ta don fushi. Shah ya koma gida ransa a ɓace. Firaminista Balfour ya matsa, sarki ya sauko, a 1903 aka bi shi da lambar har Tehran. Sarakunan Musulmi da suka biyo baya, irin su Husaini na Jodan da Ƙabus na Oman, wata sarƙar girmamawa dabam aka ba su, wadda Edward ɗin ya ƙirƙira a 1902. Amma Sarkin Japan Meiji, wanda shi ma ba Kirista ba ne, ya samu Garter a 1906 lami lafiya, domin ƙasashen biyu sun ƙulla ƙawancen soja a 1902, Japan kuma ta doke Rasha a 1905. Ashe addini yana zama hujja ne a inda babu buƙata.

Mata fa? A zamanin da ana ba matan fada alkyabbar ƙungiyar, amma ba su da cikakken gurbi, kuma al'adar ta mutu a zamanin Henry na Bakwai. Edward na Bakwai ya farfaɗo da ita a 1901 don matarsa Alexandra. Sai a 1987 Elizabeth ta Biyu ta buɗe wa mata kujeru 24 ɗin nan. Lavinia, uwargidan hakimin Norfolk, ita ce ta fara shiga a 1990, Margaret Thatcher a 1995, sai Valerie Amos, haifaffiyar Guyana, wadda a 2022 ta zama baƙar fata ta farko a cikin 24 ɗin. Ita kanta Elizabeth, mahaifinta ya ba ta lambar a Nuwambar 1947, kwana 8 kafin ya ba angonta Philip, don ta riga shi a girma.

Ko kun san Winston Churchill ya taɓa ƙin karɓarta? A 1945 ne, bayan ya sha kaye a zaɓe, ya nuna cewa bai ga yadda zai karɓi maɗaurin safa daga sarki ba alhali jama'a sun riga sun sa masa takalmi, wato sun kore shi. Sai a 1953 ya karɓa. Wani firaminista na ƙarni na 19, Melbourne, an ce yana yaba lambar ne don babu ruwanta da cancanta, kuma bai yi ƙarya ba, domin a zamaninsa gwamnati ce ke raba ta ga manyan masu ƙasa na jam'iyyarta. A 1946 Clement Attlee da Churchill suka amince a mayar wa mai sarauta ikon zaɓe shi kaɗai. Daga nan ne mai kiwon zuma daga New Zealand, Edmund Hillary, wanda ya hau ƙololuwar Everest tare da Tenzing Norgay a 1953, ya samu kujera a 1995. Daga nan ne kuma Tony Blair ya samu tasa a 2022, ko da yake mutum fiye da miliyan 1 sun sa hannu a takardar ƙorafi saboda yaƙin Iraƙi. Fada ta yi kunnen ƙashi.

Shi ma jerin gwanon da ake yi kowane watan Yuni, inda barade ke takowa a ƙasa daga fada zuwa coci gashin jimina na rangaji, su koma a keken doki, sai ka rantse bai taɓa yankewa ba. Bayan bikin 1805 an yi fiye da ƙarni guda ba a yi irinsa ba. George na Shida ne ya tayar da shi a 1948, lokacin cikar ƙungiyar shekara 600.

Mai karatu zai iya tambaya: to "Sir" ɗin Sardauna Ahmadu Bello da na Abubakar Tafawa Balewa fa, daga nan suka fito? A'a. Nasu na ƙungiyar Daular Birtaniya ne, wadda George na Biyar ya kafa a 1917, Sardauna ya samu a 1959, Tafawa Balewa a 1960. Amma duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar gwamnatin mulkin mallaka mai tambarin zaki da farin doki mai ƙaho, ko bangon fasfo ɗin Birtaniya na yau, ya ga Garter. Ita ce ɗamarar da ta kewaye garkuwar da ke tsakiya, da kalaman Edward na Uku a jikinta.