Akushi da Baƙinsa: Nazari a Kan Sassaƙa a Ƙasar Sara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sassaƙa akushi da yadda yake samun baƙin launinsa, sa'an nan a kwatanta shi da ɗan kwanon itace wanda Turawa suke yi a kan injin juyi, su ba shi kamannin tsufa da gangan. An ɗauki misali daga ƙasar Sara, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu. Wannan yanki yana cikin Jihar Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, don haka ya fi shi manyan itatuwa, kuma kasuwar Sara mahaɗa ce ta mutanen Jigawa da Bauchi da Kano. Abin da za a nuna shi ne baƙin akushi iri biyu ne, akwai na masassaƙi, akwai na shekaru, kuma wanda ya haɗa su bai fahimci akushi ba.

2.0 Kalmomin Sana'a

Jam'in akushi shi ne akusa. A nan za a ga ƙa'idar nan ta ganɗantawa, watau /s/ ta koma /sh/ idan wasalin /i/ ko /e/ ya biyo ta, kamar yadda ake samu a Hausa da Bahaushe. Mai sana'ar shi ne masassaƙi, jam'i masassaƙa, da ɗafa-goshin ma- kamar a maƙeri da masaƙi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda Hausa ta rarrabe aikatau na wannan aiki. Ana sare itace, ana faskara shi, ana sassaƙa shi, ana kankare shi, ana goge shi. Ƙwarya kuwa fafe ta ake yi, domin Allah ya riga ya yi mata siffa, cikinta kawai ake fitarwa. Akushi ba shi da siffa sai wadda hannu ya ba shi. Siffar kalmar sassaƙa ma, da maimaita gaɓar farko, ta yi kama da ta aikatau masu nuna yawan aukuwa, irin su sassara da kakkarya, kuma haka aikin yake: ƙananan sara ne masu yawa, ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Zaɓen Itace da Sassaƙa

Kowane kaya da itacensa. Ƙirya, saboda nauyinta da taurinta, ta turmi ce da taɓarya, gawayinta kuma na maƙera. Aduwa ta allo ce da ƙota. Akushi yana son itace mai sauƙin sara, marar nauyi, wanda ba zai zuba wa tuwo ɗaci ko wari ba. Saboda haka ɗanya ta yi suna a wannan aiki. Mai son tantance waɗannan itatuwa da sunayensu na kimiyya zai amfana da aikin J. M. Dalziel na 1916 a kan sunayen tsirrai na Hausa.

Da ɗanyen itace ake farawa, domin busasshe yakan ci bakin ƙarfe. Masassaƙi yakan yanke gungume da gatari, ya fid da siffar baya da gizago, sa'an nan ya juya ya rarake ciki. Ba shi da ma'auni sai ido da tafin hannu. Yakan sa yatsu ciki da waje ya ji kauri. Idan gefe ɗaya ya fi wani kauri, ba za su bushe tare ba, sai akushi ya tsage. Dalili shi ne itace yakan tsuke idan ruwansa ya fita, kuma tsukewarsa ta faɗi ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake shanya sabon akushi a inuwa, kuma shi ya sa da wuya a sami wanda bakinsa ya kewaye daidai. Bayan ya sha iska sai a kankare sawun gizago da wuƙa.

4.0 Baƙin Masassaƙi da Baƙin Shekaru

Sabon akushi fari ne fat. Masassaƙi yakan babbake jikinsa da wuta ko da ƙarfen da aka gasa ya yi ja, ya goge tokar, ya shafe shi da mai, na gyaɗa ko na shanu ko na kaɗe. Wani yakan yi masa zane a bakin baya. Wannan baƙi na farko kariya ce. Wuta takan rufe fuskar itace, mai kuma ya cika ƙofofinsa, ta yadda miya ba za ta shige shi ta rube ba.

Baƙi na biyu kuwa ba mai iya yin sa sai zamani. Kullum a kwashe tuwo mai zafi a ciki, a zuba miya da man shanu, a wanke, a kife a ɗakin da hayaƙi yake shiga. Bayan shekaru sai baƙin ya nutsa cikin itacen, ya yi sheƙi, bakin akushin ya yi santsi inda hannuwa suke kamawa. Matan gida sun san bambancin, domin sabon baƙi yana iya bar wa yatsa shaida, tsoho kuwa ba ya yi. Irin wannan akushi ne ake keɓe wa maigida ko babban baƙo, a rufe da faifai, domin itace ba ya saurin sakin zafi kamar kwanon ƙarfe. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

5.0 Kwatanci da Aikin Turawa

A Turai hanyar dabam ce. Masassaƙinmu shi yake kewaya itace da gizago. A can itacen ne yake juyawa a kan inji, mai aiki ya riƙe kaifi ya kanga masa. Tsohon injinsu da ƙafa ake taka shi, igiya da sanda mai lanƙwasa suna juya gungumen. George Lailey na ƙauyen Bucklebury a Ingila, wanda ya rasu a 1958, shi ake ɗauka ƙarshen waɗanda suka rayu da yin kwanonin itace ta wannan hanya, kuma injinsa yana ajiye a gidan tarihin rayuwar karkara na garin Reading.

Masu yin aikin a yau, akasari don sha'awa, suna amfani da injin lantarki, kuma suna son itacen ok, wanda ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Wannan itace yana da sinadarin tanin mai yawa. Idan aka jiƙa ƙarfe a ruwan tsami aka shafa masa, nan take sai ya yi duhu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a gare mu: tanin ɗin nan shi ne a cikin bagaruwar majema, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ita take ba dukawa baƙin kuloko a kan fata. Wasu kuma sukan babbake kwanon, su goge shi da buroshin waya, su shafa masa mai ko kakin zuma.

Ke nan dabarun sun yi kusa, manufar ce ta bambanta. Baturen yana neman sabon abu ya yi kama da tsoho, domin a ajiye a kalla. Masassaƙin akushi yana shirya sabon abu ne domin ya jure aiki har ya tsufa da gaske.

6.0 Kammalawa

Abubuwa biyu sun taso wa wannan sana'a. Na farko, kwanonin samira da na silba da na roba sun karɓe wurin akushi a yawancin gidaje, har ya fara komawa kayan ado na biki da baje kolin al'adu. Idan kuwa ya zama abin kallo, baƙin farko kaɗai zai samu, domin ba mai kwashe tuwo a cikinsa. Na biyu, faɗaɗa gonaki da cinikin gawayi sun rage manyan itatuwa, kuma ba a fid da akushi daga reshe.

Idan sana'a ta mutu, kalmominta sukan bi ta. Ƙamus na G. P. Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma ƙamus ba ya nuna yadda ake riƙe gizago. Shawarata ga ɗalibai masu neman batun bincike ita ce su zauna da dattawan masassaƙa na Sara da Gwaram da Birnin Kudu, su rubuta sunan kowane ƙarfe da kowane mataki da kowane itace da karin harshen wurin, tare da nuna karin sauti da tsawon wasali. Malaman makarantu kuma su sa yara su tambayi kakanninsu tarihin akushin gidansu: wa ya sassaƙa shi, da wane itace, hannu nawa ya ratsa. Wannan aiki ne da ya kamata a yi tun masu amsa tambayar suna raye.